Bashin Gida Mai Ruwan Da Ke Hawa Da Sauka

A wajenmu nan, mai neman gidan kansa yakan bi abin a hankali. Bana ya sayi fili, baɗi ya buga bulo, in ya sami kwano ya rufa ɗaki biyu ya kwashi iyali su shiga, sauran kuma a ƙarasa ana ciki. A Amurka da Ingila da Kanada ba haka ake yi ba. Can ginannen gida ake saye, kuma da wuya ka ga ma'aikacin da ya ƙirga kuɗin gida duka daga aljihunsa. Yakan ba da ɗan abin da ya tara, banki ya cika sauran, a jinginar da gidan ga banki. Daga nan sai biya wata-wata har shekara 25 ko 30. In ya kasa biya, banki yana da iko ya fitar da shi, ya sa gidan a kasuwa. Saboda haka in ɗanka ko ƙanenka da ke can ya aiko da hoto ya ce ya sayi gida, ka taya shi murna, amma ka sani shi da banki ne suka saya.

Wannan ba abin kunya ba ne, gama bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin tambaya shi ne, wane irin bashi ya ci? Bashin gida iri biyu ne. Akwai mai tsayayyen ruwa. In an yi jinga a kan kashi 7 cikin 100 a shekara, to, kashi 7 ne har ranar da za a gama, ko kasuwa ta hau ko ta sauka. Akwai kuma wanda ruwansa ke canzawa. Shi wannan da araha yake farawa, shi ya sa yake shiga ran mutane. Amma bayan 'yan shekaru sai banki ya sake lissafi, abin da maigida ke biya a wata ya ƙaru ko ya ragu. A kan wannan na biyu za mu yi magana.

Yadda ake yanka ruwan

Kada mai karatu ya zaci manajan banki ne ke tashi da safe ya yanka abin da ya ga dama. A Amurka akwai ƙa'ida a rubuce cikin takardar bashin, kuma abu biyu ake haɗawa. Na fari shi ne ma'auni, wato farashin da manyan bankuna ke ba juna rance a kasuwar kuɗi. Wannan ba ya hannun bankinka, yana bin abin da Babban Bankin ƙasa ya yi ne. Shekaru da yawa an yi aiki da wani ma'auni na birnin Landan mai suna LIBOR. Daga baya aka gane waɗansu ma'aikatan bankuna suna murɗa shi, aka yi ta janye jiki daga gare shi har aka rufe shi a watan Yuni na 2023. Yawancin sababbin basusuka a Amurka suna bin wani ne da ake kira SOFR.

Na biyu shi ne ɗorin banki, wato abin da banki ke ɗorawa a bisa ma'aunin domin ya sami nasa. Shi ba ya motsi, yadda aka rubuta shi ran farko haka zai zauna. Sau da yawa yana tsakanin kashi 2 da kashi 3. To, in ranar lissafi ta zo ma'auni yana kan 4, ɗorin kuma 3 ne, ruwanka ya zama 7 ke nan.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A ce ka fara da kashi 6, alhali tun ranar da ka sa hannu ma'auni da ɗori sun kai 7. Wato ragi aka yi maka na shiga. Ranar da shekarun ragin suka cika, ko kasuwa ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba, ruwanka zai hau. Mutum ya yi ta sauraron labarai yana cewa ai ba a ƙara ruwa ba, sai ga takarda ta zo da ƙari.

In ka ga an rubuta 5/1 a kan irin wannan bashi, ma'anarsa shekara 5 na fari ruwan a tsaye yake, bayan haka sai a riƙa sake shi sau ɗaya kowace shekara. In 5/6 ne, kowane wata shida ake sakewa. Akwai kuma na shekara 7 da na shekara 10. Sa'an nan akwai iyaka da aka sa domin kada hawan ya zo gaba ɗaya. Ita ma da lambobi uku ake rubuta ta, kamar 2/2/5. Ta fari ta ce a canjin farko ba za a ƙara fiye da kashi 2 ba. Ta biyu ta ce kowane canji na baya ma haka. Ta uku ta ce duk tsawon bashin, ruwan ba zai wuce inda ya fara da fiye da kashi 5 ba. Waɗansu takardun kuwa 5/2/5 ne, wato ana iya ɗora maka kashi biyar ɗin duka a tashi ɗaya. Lamba guda ce ta bambanta su, amma a wajen tukunyar gida bambancin ba ƙarami ba ne. Ta ƙasa ma akwai iyaka, gama yawancin takardu ba su yarda ruwan ya sauka ƙasa da ɗorin banki ba.

Me ya kawo wannan tsari?

Wahala ce ta koya wa masu ba da rance. A Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, akwai dubban ƙananan bankunan ajiya waɗanda aikinsu shi ne su karɓi ajiyar mutanen gari su ba da bashin gida na shekara 30 da tsayayyen ruwa. Abin ya tafi daidai muddin kasuwa tana kwance. Sai tsadar kaya ta taso a shekarun 1970. A 1979 aka naɗa Paul Volcker shugaban Babban Bankin Amurka, shi kuwa ya ɗaga ruwa sama ƙwarai domin ya karya tsadar. A watan Oktoba na 1981 ruwan sabon bashin gida ya haura kashi 18 cikin 100.

Ka duba halin da ƙananan bankunan nan suka shiga. Tsofaffin basusukan da suka bayar suna kawo musu kashi 7 ko 8, masu ajiya kuwa suna neman fiye da kashi 10, in ba a ba su ba su kwashe kuɗinsu. Kamar mai sayen buhun masara da tsada ne, alhali ya riga ya yi alkawarin sayarwa da araha har shekara talatin. A 1982 majalisar ƙasar ta yi doka wadda ta buɗe wa masu ba da rance hanya su yi bashin gida mai ruwan da ke canzawa a ko'ina cikin ƙasar. Duk da haka, tsakanin 1986 da 1995 irin waɗannan bankuna fiye da dubu suka rushe, ko da yake akwai waɗansu dalilai da suka haɗu da wannan.

Daga wannan tarihi za mu gane ainihin cinikin. Ba wanda ya san inda ruwa zai kai nan da shekara goma, dole ne wani ya ɗauki wannan kasada. A tsayayyen bashi, mai ba da rance ne ke ɗauka, shi ya sa yake sa tsada kaɗan. A mai canzawa, an sauke kayan daga kan banki an aza a kan maigida. Arahar da ake yi maka da fari ita ce ladan dakon.

Bari mu ɗauki alƙalami

Ga misali, domin magana ba lissafi ba ta cika shiga kai. Lambobin ruwan na misali ne kawai, amma lissafin daidai yake. A ce maƙwabta biyu kowa ya ci bashin dala 200,000 na shekara 30. Na fari ya zaɓi tsayayyen ruwa na kashi 7. Zai riƙa biyan dala 1,331 kowane wata. In ya kai ƙarshe, abin da ya biya duka ya kama wajen dala 479,000. I, ka karanta daidai: ruwan ya fi uwar kuɗin yawa. Haka dogon bashi yake in ruwansa ya kai haka.

Na biyu ya zaɓi 5/1 mai farawa da kashi 6, da iyakar 2/2/5. Shi dala 1,199 zai riƙa biya. Kowane wata yana da rarar wajen dala 132 a kan maƙwabcinsa, cikin shekara biyar ta taru ta kai wajen dala 7,900. Kuɗi ne masu auki, ba wanda zai raina su. Amma ga wani abu. Cikin shekara biyar ɗin nan ya zuba wa banki kusan dala 72,000, duk da haka abin da ya ragu daga uwar kuɗin bai kai dala 14,000 ba. Saura duk ruwa ya sha. Dalili kuwa, a shekarun fari bashin yana da girma, don haka ruwa ne ke cin yawancin abin da ake biya. Ranar da za a sake masa lissafi, ana binsa wajen dala 186,100. Wato canjin zai same shi da kusan dukan kayansa a kai.

To, a ce kasuwa ta hau, ta kuma zauna a sama. A shekara ta shida ruwansa ya koma kashi 8, biyan wata ya zama dala 1,436. A ta bakwai ya koma kashi 10, biya ya zama dala 1,685. A ta takwas ya kai iyakarsa ta kashi 11, biya ya zama dala 1,812. Daga 1,199 zuwa 1,812, ƙarin ya ɗan haura rabin abin da ya saba biya, gidan kuwa shi ne dai, ba a ƙara masa ko taga ba. Rarar da ya tara cikin shekara biyar, kafin tsakiyar shekara ta takwas ta ƙare ƙaf. In ruwan ya zauna a nan har ƙarshe, zai biya wajen dala 609,000, ya fi maƙwabcinsa da wajen dala 130,000.

Amma gaskiya ba ta da fuska ɗaya, sai mu faɗi ɗaya gefen. In kasuwa ta sauka ruwansa ya koma kashi 5 ya zauna, biyan wata zai sauko zuwa dala 1,088, jimlar kuma ta tsaya wajen dala 398,000. Ya tsira da wajen dala 81,000 ke nan a kan maƙwabcinsa. Wannan ba tatsuniya ba ce, ya faru. Daga ƙarshen 2008 har ƙarshen 2015 Babban Bankin Amurka ya riƙe ruwansa kusa da sifiri, masu irin wannan bashi da suka iya riƙe gidajensu suka ga biyansu yana raguwa ba tare da sun roƙi kowa ba.

Sai dai a ganina ma'aunin bai daidaita ba. Mai tsayayyen ruwa a Amurka, in kasuwa ta sauka, yana iya cin sabon bashi mai araha ya biya tsohon, ya ɗan kashe kuɗin takardu. Mutane da yawa sun yi haka a 2020 da 2021, lokacin da ruwan bashin shekara 30 ya sauka ƙasa da kashi 3. In kasuwa ta hau kuwa, sai ya yi zamansa. Yana da mafita ta kowane gefe. Mai ruwa mai canzawa kuwa, ranar da ya fi bukatar mafita, ran nan ne ƙofa ta fi ƙunci.

"Ai kafin lokacin zan sake bashi"

Wannan magana ita ce ta kai iyalai da yawa ƙasa. A farkon shekarun 2000 farashin gidaje a Amurka yana ta hawa. Dillalan bashi suka bazu cikin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi da wani iri da ake kira 2/28: shekara biyu a tsaye, sa'an nan canji kowane wata shida, da ɗori mai nauyi wanda yakan kai kashi 6. In mutum ya nuna shakka sai a ce masa kada ya damu, kafin shekara biyu gidan ya ƙara daraja, sai ya ci sabon bashi ya biya wannan. Da yawa cikin takardun kuma akwai tara ga wanda ya biya bashinsa kafin lokaci.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni, inda aka bar wa mutum ya zaɓi abin da zai biya a wata. A ce ruwan wata dala 1,000 ne, shi kuwa ya biya 700. Sauran 300 ɗin ba yafewa aka yi ba, a kan uwar kuɗin ake ɗorawa, ita ma ta fara haihuwar nata ruwan. Mutum yana biya kowane wata ba fashi, bashinsa kuwa yana girma. In ya kai wani matsayi da aka rubuta, sai banki ya ce daga yau cikakken biya, abin ya faɗo masa a ka gaba ɗaya.

Tsakanin Yuni na 2004 da Yuni na 2006 Babban Bankin ya ɗaga ruwansa daga kashi 1 zuwa kashi 5.25. A 2006 farashin gidaje ya tsaya, sa'an nan ya fara gangarowa, har ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na darajarsa. Wanda ake binsa dala 200,000 a kan gidan da yanzu ba zai yi 160,000 ba, wane banki ne zai ba shi sabon bashi? In ya sayar ma, kuɗin ba zai rufe ramin ba. Ba hawan ruwa kaɗai ya jawo masifar ba, gama waɗansu sun kasa biya tun kafin a sake musu lissafi, tun asali an ba su abin da ya fi ƙarfinsu. Amma dukan ginin a kan zato ɗaya aka aza shi, cewa kullum za a sami mai ba da sabon bashi. Miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, a watan Satumba na 2008 kuma babban bankin nan Lehman Brothers ya faɗi, girgizar ta kai ko'ina a duniya. A 2010 aka yi sabuwar doka, daga Janairu na 2014 kuma ya zama tilas mai ba da rance ya bincika ko mutum zai iya biya, ba a kan ruwan ragi na shiga kaɗai ba.

A Ingila da Kanada dogon tsayayyen bashi irin na Amurka ba shi da yawa. Yawanci akan tsayar da ruwan shekara biyu ko biyar ne, sa'an nan a sake jinga, don haka kusan kowane mai bashin gida yana cikin wannan jirgi. Babban Bankin Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a Disamba na 2021 ya kai 5.25 a Agusta na 2023, ƙari goma sha huɗu a jere. Na Kanada ya tashi daga 0.25 a farkon 2022 ya kai kashi 5 a Yuli na 2023. A Kanada akwai masu bashin da biyan watansu ba ya canzawa ko da ruwa ya hau. Waɗansunsu suka wayi gari abin da suke biya duka ruwa ne ke cinyewa, uwar kuɗin ba ta raguwa ko kaɗan.

Mu fa a nan gida?

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. A Nijeriya akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi biyu da rabi na albashinsa, Bankin Ba Da Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan kashi 6. Wanda ya sami wannan ya dace. Amma rancen bankunan kasuwa, ko na gida ne ko na mota ko na jari, in ka karanta takardar sosai sau da yawa za ka tarar da layin da ya ce banki yana iya sake ruwan bisa ga yanayin kasuwa. Wannan shi ne ruwa mai hawa da sauka, sai dai sau da yawa ba a rubuta masa iyaka irin ta 2/2/5 ba. Babban Bankin Nijeriya kuwa ya ɗaga ma'auninsa daga kashi 11.5 a farkon 2022 zuwa 27.5 a Nuwamba na 2024. Wanda ya ci irin wannan rance a 2021 ba ya bukatar a ba shi labarin Amurka.

Ban ce kowa ya guje shi ba. Akwai wanda ya dace da shi. Wanda ya tabbata zai sayar da gidan kafin shekarun ragin su cika, kamar ma'aikacin da aka turo wani gari na shekara uku ko huɗu, zai ci arahar ya tafi. Haka kuma wanda ke da halin rage uwar kuɗin da sauri, ko mai ajiyar da za ta ɗauki ƙarin in ya zo. Amma iyalin da sai da ruwan ragin nan ne kaɗai za su iya shiga gidan, su ne aka fi kwaɗaita wa wannan bashi, su ne kuwa ba su da wurin ajiye kayan in ya yi nauyi.

Shawarata ga maigida da uwargida, ko a nan ko a can, ita ce su zauna tare da takardar kafin a sa hannu, ba bayan an sa ba. Su sa ma'aikacin banki ya rubuta musu da lambobi abin da za su biya a wata in ruwan ya kai ƙarshen iyakarsa. In ya ce babu iyaka, wannan ma amsa ce. Sa'an nan su aza wannan lamba kusa da albashin da ke shigowa yau, ba wanda ake sa rai za a ƙara ba, su cire abinci da kuɗin makarantar yara da na asibiti, su ga ko akwai saura. Su tambaya kuma ko akwai tara in sun biya kafin lokaci. A Amurka doka ta ce a aiko wa mai bashi takardar gargaɗi wajen wata bakwai kafin ya fara biya a kan sabon ruwa na farko. In ɗanka na can yana da irin wannan bashi, ka tambaye shi wace shekara ce tasa takardar za ta zo, da kuma nawa ne lamba ta uku a cikin iyakarsa.